Farfaɗo da Fijo 504: Zaɓin tsarin wutar da ya dace da tsohon inji

Duk wanda ya saba leƙa unguwar makanikai ta Apo ranar Asabar ya san irin wannan mota. Fijo 504 ce da aka kashe wa kuɗi: an yi mata sabon fenti, an ɗinke kujeru, an goge ƙarafan gaba har suna ɗaukar ido. Da safe takan tashi da murɗa makulli ɗaya. Amma da zarar ta yi rabin sa'a a cikin cunkoso, injin ya ɗauki zafi, sai ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar titi. Idan an tura ta gefe ta huce, sai ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. Mai ita zai ɗora laifin a kan kafireta, ko a kan man da ya sha jiya. Sau da yawa kuwa ciwon yana cikin wani ɗan gwangwani da bai fi babban yatsa ba, wanda ke maƙale a jikin distibuta. Sunansa kwandensa.

A nan ne mai gyaran tsohuwar mota ke isa mararraba. Bakanike zai ce a canza kwantak da kwandensa, a bar mota yadda kamfani ya ƙera ta. Mai aikin wayoyi, wato riwaya, zai ce zamani ya wuce nan, a mayar da ita ta lantarki. Wani aboki a ofis zai turo hoton distibutar da ake saita ta da wayar salula. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma kuskuren zaɓi yana da tsada. Ko dai kuɗin da aka yi watanni ana tarawa ya ƙone cikin daƙiƙa guda, ko fistin ya huje, ko mota ta tsaya da iyali a dajin da ke tsakanin Abuja da Kaduna ana gab da magariba.

Motar da ta yi wa gwamnati aiki

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, a shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Da aka shigo da tsarin mayar da alawus na gida da na mota zuwa kuɗi a 2003, an sayar da motocin gwamnati da dama, kuma wasunsu sun ƙare a hannun ma'aikatan da suka yi shekaru suna hawansu.

Shi ya sa ga ma'aikatan tarayya da yawa, farfaɗo da 504 ya wuce sha'awar tsohon ƙarfe. Motar mahaifi ce, ko ta maigidan da aka fara aiki a ƙarƙashinsa, ko wadda aka saya da bashin mota na farko. Sai dai wannan doguwar rayuwa tana da wani sakamako da ya shafi batun wuta kai tsaye. Motar da aka yi kusan shekara 40 ana ƙerawa ba ta zo da distibuta iri ɗaya ba, kuma wadda ta ratsa hannun makanikai da yawa ba lalle ne abin da ke cikinta ya zama wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Saboda haka aikin farko shi ne a buɗe murfin distibuta a ga abin da ke ciki, a kuma karanta suna da lambar da aka buga a jikinta. Ducellier na Faransa na cikin sunayen da aka fi cin karo da su.

Yadda tartsatsi ke samuwa

Tsarin kwantak daɗaɗɗe ne. Injiniyan Amurka Charles Kettering ne ya tsara shi, ya fara aiki a motocin Cadillac a farkon shekarun 1910, kuma ya yi sama da shekara 60 yana cin kasuwarsa. Batir na ba da bolt 12, wanda ba zai iya tsallaka ratar bakin fulogi ba. Aikin koyil ne ya ɗaga shi zuwa dubbai. A cikin koyil akwai naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri gajere, ɗaya siriri mai tsawo. Idan wuta na bi ta cikin mai kaurin, ƙarfin maganaɗisu yana taruwa. Da an yanke wutar farat ɗaya, sai ƙarfin ya rushe, ya haifar da wuta mai dubban bolt a cikin siririn.

Kwantak shi ne makunnin da ke yanke wutar. Sandar distibuta tana da kusurwa huɗu, tana juyawa tana ture ƙafarsa, bakinsa yana buɗewa da ratar da ba ta wuce kimanin milimita 0.4 ba. Kwandensa tana shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kwantak ta ƙona shi, tana kuma sa rushewar ta yi sauri. Rota kuwa shi ke miƙa wutar ga fulogin da layi ya zo kansa, bisa jerin 1-3-4-2.

Lissafi kaɗan zai nuna wahalar da wannan ɗan ƙarfe ke sha. Inji mai silinda huɗu yana buƙatar tartsatsi biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, kwantak zai buɗe ya rufe sau 6,000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa, sau 360,000 a tafiyar sa'a guda. A kowace buɗewa kuma yana yanke wutar da ta kai amfiya uku zuwa huɗu.

Samun tartsatsi rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne lokacin da zai zo, abin da makanikai ke kira taimin. Cakuɗen mai da iska yana ɗaukar lokaci kafin ya gama ƙonewa, don haka dole a kunna shi kafin fistin ya kai ƙoli. Gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda ake buƙatar a gabatar da wutar. Abubuwa biyu ke yin wannan aiki a cikin tsohuwar distibuta. Akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da aka ɗaure da sifirin, waɗanda ke buɗewa idan juyi ya ƙaru. Akwai kuma wani gwangwani a gefe mai fata a ciki, wanda zuƙar iska daga kafireta ke ja, ya ƙara gabatar da wuta idan ana tafiya a sake ba a danne totur ba. Wannan gwangwani yana cikin abubuwan da ke rage shan mai a doguwar hanya.

Inda kwantak ke gazawa

Ƙafar kwantak da ke gogar sanda tana cinyewa a hankali. Tana cinyewa rata na tsukewa, wuta kuma na jinkirta zuwa. Injin da wutarsa ke zuwa a makare yana rasa ƙarfi, yana shan mai, yana ɗaukar zafi, har a fara zargin lagireto. Bakin kwantak ɗin ma yana ƙonewa, gefe ɗaya ya yi rami, ɗaya ya yi tsiro. Domin haka ne a zamanin da ake duba shi a kowane babban sabis, a gyara rata, a shafa ɗan giris a kan sanda, a sake taimin. Buƙatar rage wannan ɗawainiya, tare da dokokin rage hayaƙi, su suka sa kamfanoni suka rabu da shi. Chrysler ta Amurka ta mayar da motocinta kan wutar lantarki tun 1973, sauran kuma suka biyo baya.

Yau akwai ƙarin matsala biyu. Ta farko, ingancin kayan da ke kasuwa ya ja baya, musamman kwandensa, kuma kukan da masu tsofaffin motoci ke yi ke nan a ƙasashe da dama. Kwandensa mara kyau tana aiki idan inji na da sanyi, ta gaza idan ya yi zafi, wanda shi ne ciwon motar da aka buɗe wannan bayani da ita. Ta biyu, hannayen da suka iya aikin suna raguwa. Yaron da ya shiga gareji shekara goma da suka wuce ya taso ne da na'urar da ake jonawa a mota ta faɗi ciwonta, mai yiwuwa bai taɓa riƙe ma'aunin rata ba.

Duk da haka kwantak yana da wata falala da ba a raina ta. Ba ya mutuwar fuju'a. Yakan yi gargaɗi da wahalar tashi da sassarfar inji, kuma idan ya tsayar da mota a hanya, sukudireba da guntun samfefa sukan isa a kai gida.

A auna kafin a saya

Akwai abin da ya kamata mai mota ya sani tun kafin ya buɗe jakarsa. Injin da kwantak ɗinsa ke da lafiya, taimin ɗinsa kuma daidai, ba zai sami wani ƙarin ƙarfi na a zo a gani ba don an mayar da shi na lantarki. Amfanin lantarki shi ne ya riƙe taimin a inda aka ajiye shi, wata da watanni, ba tare da ya zame ba. Wanda ya ji motarsa ta canza bayan sauyin, yawanci daga lalataccen kwantak ya fito. Haka kuma adadin bolt da ake rubutawa a jikin kwalin koyil ba ya nufin abin da fulogi zai samu ke nan. Tartsatsi yana tsallakawa ne da zarar wuta ta kai abin da ratar fulogi da matsin cikin silinda ke buƙata. Koyil mai alƙawarin bolt 40,000 ba zai ba wa fulogin 504 fiye da buƙatarsa ba.

Gwaji huɗu ne ke nuna hanyar da ta dace, kuma babu mai tsada a cikinsu. Na farko, a cire murfi a kama sandar distibuta a girgiza ta gefe da gefe. Idan tana rawa sosai, bushin ya cinye, kuma tartsatsi ba zai riƙa zuwa a lokaci ɗaya ga dukkan silinda ba. Na biyu, a murɗa rota da hannu zuwa inda yake juyawa, a sake shi. Ya kamata ya ɗan motsa ya dawo da kansa. Idan ya ƙage, ko ya tafi bai dawo ba, ƙarafan ciki sun yi tsatsa ko sifirin ya saki. Na uku, a cire siririn tiyon da ya taho daga kafireta a zuƙa da baki. Idan farantin cikin distibuta ya motsa ya tsaya, fatar gwangwani na da rai. Idan iska na wucewa kawai, ta yage. Na huɗu, a sa mita a auna turjiyar koyil tsakanin ƙafafunsa biyu, sannan a auna cajin altaneta inji na aiki, wanda ya kamata ya tsaya a wajajen bolt 14.

Muhimmancin gwaje-gwajen uku na farko shi ne, yawancin na'urorin lantarki da ake sakawa a cikin tsohuwar distibuta kwantak kawai suke maye gurbinsa. Ƙarafan ciki da gwangwanin gefe suna nan suna aikinsu, ko suna kasa yin sa. Wanda ya dasa sabuwar na'ura a kan distibutar da ta gaji ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Hanyoyin da ke gaban mai mota

Hanya ta farko ita ce a zauna a kan kwantak, amma a yi masa gyara na gaskiya. A kwance distibuta, a wanke, a canza bushi, a sa mai a ƙarafan ciki, a nemi kwantak da kwandensa masu asali, a canza murfi da rota da wayoyin fulogi. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ke barin mota a kan kamanninta na asali, abin da masu sayen tsofaffin motoci ke daraja shi.

Ta biyu ita ce a bar kwantak a wurinsa, a ƙara masa akwatin taransista. A nan kwantak sigina kawai yake bayarwa da 'yar wuta kaɗan, taransista ke ɗaukar nauyin yanke wutar koyil. Bakin kwantak zai daina ƙonewa, kuma idan akwatin ya lalace, mayar da waya biyu ya isa a koma tsohon tsari a gefen titi. Illarta ita ce ƙafar da ke gogar sanda tana ci gaba da cinyewa, don haka duba rata bai ƙare ba.

Ta uku, wadda aka fi bi, ita ce a cire kwantak da kwandensa a dasa ɗan modul a gurbinsu. Iri biyu ne suka shahara. Akwai mai aiki da maganaɗisu, irin Ignitor na kamfanin Pertronix na Amurka, inda ake zura zobe mai maganaɗisu huɗu a kan sanda, wata 'yar na'ura tana jin wucewarsu. Hikimar ta samo asali ne daga binciken da masanin kimiyya Edwin Hall ya yi a 1879. Akwai kuma mai aiki da haske, irin na Lumenition na Ingila, inda wani fiffike ke gilmawa yana yanke haske tsakanin fitila da idonta. Babu abin da ke gogar wani a cikinsu, don haka taimin ba ya zamewa. Mai hasken yana son tsafta, domin ƙura da tururin mai na iya dushe idon, kuma ƙurar hunturu ba baƙuwa ba ce a ƙarƙashin bonet a wannan ƙasa. Mai maganaɗisun yana ɓuya gaba ɗaya a ƙarƙashin murfi, mai kallo ba zai gane an taɓa komai ba.

Ta huɗu ita ce a ɗauko tsarin lantarki na kamfanin kansa. Peugeot 505, wadda ita ma aka harhaɗa a Kaduna, ta gaji injin 504 mai girman cc 1,971, kuma na baya-bayan cikinta sun zo da distibuta mara kwantak. Ana iya cin karo da irinta a kasuwannin kayan gyara kamar Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Falalarta ita ce tsofaffin makanikan Fijo sun san ta. Sharaɗinta kuwa a ɗauko ta da modul ɗinta da koyil ɗinta tare, a kuma tabbatar lambarta ta dace da injin da kafiretar da ke motar, domin yadda take gabatar da wuta ya bambanta daga inji zuwa inji. Kasancewarta ta hannu, gwajin sanda da na gwangwani ya hau kanta ita ma.

Ta biyar ita ce sabuwar distibuta sukutum, wadda ba ta da ƙarafa ko sifirin a ciki, irin ta 123ignition da ake ƙerawa a ƙasar Holan. Ƙwaƙwalwar lantarki ce ke lissafin lokacin wuta. Wasu ana zaɓar tsarinsu da ɗan makunni, wasu da kwamfuta, wasu da wayar salula. Ita kaɗai ce ke magance kwantak da gajiyar sanda da sakin sifirin a lokaci guda. Ita ce kuma mafi tsada, da kuɗin waje ake sayenta, kuma idan ta sami matsala ba a kwance ta a gareji. Sauƙin canza taimin da yatsa ma hatsari ne ga wanda bai san iyakar injinsa ba.

Akwai wasu akwatuna irin na MSD da ke harba tartsatsi da yawa a jere. An yi su ne domin injinan tsere masu matsi da juyi mai yawa. Injin 504, wanda matsinsa bai kai tara ba kuma da wuya direba ya kai shi juyi 5,000, ba shi da abin da zai yi da su.

Abin da ke kashe modul

Babban makashin modul shi ne koyil da bai dace ba. Koyil na kwantak yakan kasance mai turjiya kusan om 3, ko kuma om 1.5 tare da wata rizista da ke gabansa tana rage masa wuta. Bolt 12 a kan om 3 yana ba da amfiya 4, abin da ƙaramin modul zai iya ɗauka. Koyil na motocin zamani kuwa turjiyarsa na iya zama ƙasa da om 1. Bolt 14 a kan om 0.7 amfiya 20 ne, kuma modul ɗin da ba a yi shi domin haka ba zai ƙone. Ignitor na asali yana buƙatar aƙalla om 3 a inji mai silinda huɗu. Takardar da ke cikin kwali tana faɗar abin da kowane modul ke so, kuma karanta ta ya fi sayen na biyu sauƙi.

Sauran makasan halaye ne da aka saba da su a gareji da bakin titi. Barin makulli a buɗe inji ba ya aiki, domin a ji rediyo ana jiran maigida ya fito daga taro, yana iya dafa koyil da wasu nau'o'in modul. Cire kan batir inji na aiki domin a gwada ko altaneta na caji yana sakin wuta mai ƙarfi da ke ƙona kayan lantarki. Juya wayoyi wajen jona batir da na wata mota kisa ne nan take. Yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da fesa wa inji mai zafi ruwa mai ƙarfi a wurin wanki, duk suna cikin jerin. Kwantak yakan jure yawancin waɗannan. Don haka wanda ya koma lantarki sai ya sanar da direbansa da bakanikensa da mai wankinsa cewa dokar motar ta canza.

Bayan an saka kowane irin tsari, dole a sake taimin da fitilar taimin, a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Saiti da kunne, wato a riƙa murɗa distibuta har inji ya yi daɗin ji a tsaye, yakan kai ga gabatar da wuta fiye da kima. Alamarsa ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an danna totur a hawa. Wannan ƙara ƙonewa ce mara tsari da ke dukan kan fistin, kuma idan aka yi biris da ita takan ƙare da huda shi. Yana da kyau a tuna cewa Peugeot tana ƙirga silinda ta ɗaya ne daga wajen kuloci, saɓanin abin da aka saba a motocin Japan.

Idan za a koma gas

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da yawa sun karkata ga mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG. Wannan yana canza lissafin wuta. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, don haka yana neman ƙarin ƙarfin tartsatsi, kuma yana tona asirin duk wani rauni da ke jikin koyil, murfi ko wayoyin fulogi. Ya kuma fi fetur jinkirin ƙonewa, don haka yana son a ƙara gabatar da wuta. Idan aka saita distibuta a kan buƙatar gas, injin zai yi ƙarar tsakuwa ranar da aka koma fetur. Idan aka bar ta a kan fetur, zai yi sanyin jiki a kan gas. Mafita ita ce na'urar gabatar da wuta da ke aiki kawai idan an juya zuwa gas, ko distibutar lantarki mai iya ajiye tsari biyu. Wanda ke da niyyar komawa gas ya dace ya yanke wannan shawara kafin ya sayi kayan wuta, kada ya biya sau biyu.

Aikin mota ke zaɓa mata

Motar da ake fito da ita ranar Sallah da ɗaurin aure, wadda ba ta cin kilomita dubu biyu a shekara, gyararren kwantak ya ishe ta, muddin ana tayar da ita a kai a kai domin bakinsa yakan yi tsatsa a zaune. Wadda ke jigilar mai ita kullum daga Kubwa ko Mararraba zuwa Sakatariyar Tarayya, tana tsayawa tana tashi a cikin cunkoso da zafi, ita ce ta fi cin moriyar modul a cikin lafiyayyar distibuta. Wadda ake shiga doguwar hanya da ita, ta Lokoja ko ta Akwanga, tana buƙatar tsarin da za a iya gyarawa ko sauyawa a garin da ba a san kowa ba. Wadda distibutarta ta gaji ƙwarai, ko za ta koma gas, ita ce kuɗin sabuwar distibuta ke da hujja a kanta.

Kowace hanya aka bi, ƙa'ida ɗaya ta haɗa su: kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Kada a yanke wayoyin asali, a naɗe su a ɓoye. Kada a huda ko a goge jikin distibuta domin modul ya shiga. Kafin a kwance, a yi alama da fenti a inda take zaune, a ɗauki hotonta da waya. Modul, saɓanin kwantak, ba ya sallama idan zai tafi. Yana aiki yanzu, an jima babu, kuma ba a gyara shi da samfefa.

Domin haka gogaggun masu irin waɗannan motoci ba sa jefar da abin da suka cire. Sukan sami ɗan gwangwani su zuba kwantak da kwandensa da ƙananan sukurorinsu, da rota ɗaya, da guntuwar waya, da ma'aunin rata, su ajiye a but kusa da safaya. Wasu ma sukan ajiye tsohuwar distibuta ɗungurungum, a saite, a naɗe cikin tsumma. Amma ajiya ba ta da amfani ga wanda bai iya sakawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace mai mota ya ware Asabar guda, ya tsaya a gefen bakanikensa, ya cire modul ya mayar da kwantak da hannunsa, ya tayar da inji, sannan ya sake mayar da modul ɗin. Aikin ba ya cin sa'a guda ga wanda ya taɓa yi, kuma shi ne zai raba shi da kwana a hanya.